Dutsen da Kawu Jatau Bai Gani Ba

In kana neman gidan su Nomau a Tudun Faru, ba sai ka sha tambaya ba. Ka bi layin masu walda, ka wuce rijiya, inda ka ji ana salati ana dariya a lokaci guda, to ka iso. Katanga ɗaya ce tsakanina da su, saboda haka abin da zan ba ku ba a bakin kasuwa na tsinto shi ba.

Su uku ne a gidan. Akwai Nomau kansa, ƙato mai ƙarfin sa, zuciyarsa fara tas. Akwai matarsa Dela, wadda Allah Ya ba haƙuri Ya kuma haɗa mata da baki. Sai mahaifiyarsa, Iya Shekara, wadda ba ta kiransa da komai sai Auta. Mutanen gari kuwa wawa suke ce masa, ni kuma abin yana ƙona mini rai. Nomau ba ya ƙarya, ba ya cuta, ba ya gulma, abin da yawancin masu yi masa dariya ba za su iya rantsewa a kai ba. Aibinsa ɗaya ne: abin da ka faɗa masa shi zai yi, ba ƙari ba ragi. In ka ce ya jira ka a gindin tsamiya, ka manta, to gobe can za ka same shi.

Iya Shekara ba 'yar garinmu ba ce. A Kwarin Gawo aka haife ta, garin da ruwa ya cinye tun tana budurwa, lokacin da aka tare kogi aka yi dam. Kabarin mahaifiyarta yana can ƙarƙashin ruwan. Abin da ya rage mata na uwar shi ne dutsen niƙa guda, babba, wanda sai ƙarti biyu suke ɗaga shi. A ƙarshen bazara, in ruwan dam ya ja baya sosai, wani falalen dutse da ke bayan tsohon gidansu yakan fito fili, ruwan sama na fara zuba kuma ya sake nutsewa. Burin Iya ke nan a duniya: ta je kan falalen nan, ta niƙa gero a dutsen uwarta, ta yi gumba ta rabar sadaka, tun idonta na gani. Ga shi yanar ido ta fara rufe mata gani, bana tana ganin mutum kamar inuwa, baɗi kuwa sai abin da Allah Ya yi. Ga ciwon baya da ba ya barinta ta zauna a motar haya.

Ana nan sai ga ƙaninta, Kawu Jatau tela, ya dawo daga birni da wata tsohuwar bas. Ya cire kujerun, ya kafa gado da katifa, ya sa risho, ya rataya labulen da ya ɗinka da hannunsa. Wai ya gaji da keken ɗinki, zai zaga duniya ya huta. Ya dubi Iya ya ce, "Yaya, ke ce farkon tafiyata. Kina kwance zan kai ki Kwarin Gawo." Sai dai gado ya cinye wuri, ba inda za a zuba kaya. Shi ya sa mai walda ya yanko bayan wata matacciyar a-kori-kura, ya bar mata tayoyinta biyu, ya yi mata dogon wuya na ƙarfe da ake maƙalawa a ƙugiyar bayan bas. Yaran gari suka sa mata suna Jela. Kawu ya ɗauki Nomau yaron mota, ni kuma aka ce in riƙa biyo su saboda turi.

Wata rana Kawu ya ce, "Nomau, tayoyin Jela nake so ka duba. Ka tabbatar iskarsu daidai take, kada wata ta fi wata." Nomau ya duba, ya tarar ta hagu ta sace har ƙasa, ta dama kuwa cike fam. Ba shi da famfo. Ya yi tunani, sannan ya samo tsinke ya zauna ya sace ta daman ita ma. Kawu ya fito ya tarar da Jela a gurfane.

"Me zan gani haka?"

"Daidai suke, Kawu. Taɓa ka ji."

Kawu ya cire hula ya mayar. Dela ta leƙo ta kan katanga ta ce, "Kawu, ka gode wa Allah ba ka ce masa har da na bas ɗin ba." Ranar a ka aka kai tayoyin wurin mai faci.

Wata rana kuma za a yi gwajin tafiya zuwa kasuwar ƙauyen gaba. Kawu ya ce, "Ka ɗaure Jela tamau, yadda ba abin da zai motsa ta." Nomau ya maƙala wuyanta a ƙugiya. Ya ja baya ya dube ta, ya ga ai in bas ta tashi za ta motsa ta. Sai ya ɗauko igiyar rijiya, ya ɗaure gindin Jela da darbejiyar ƙofar gida, ƙulli a kan ƙulli. Kawu ya shiga, ya yi bisimilla, ya ba ta wuta. Mota ta yi gurnani ta ƙi gaba. Ya ƙara wuta. Ƙura ta turnuƙe, tsuntsaye suka watse daga darbejiya, can sai muka ji ƙarau! Bas ta yi gaba, ƙugiya da bamba suka zauna a baya tare da Jela.

Nomau ya tafa hannu don murna. "Ka gani, Kawu? Ko gezau ba ta yi ba!"

Wata rana, bayan mai walda ya gyara ɓarnar, muka sake fita. Kawu bai daɗe da koyon tuƙi ba, sitiyari yake riƙewa kamar za a ƙwace masa. Ya ce wa Nomau, "Zauna a tagar baya ka zuba wa Jela ido. Kuma kada wanda ya yi mini magana in ina tuƙi." Ni ina gaba kusa da Kawu. Muka isa kasuwa lafiya, muka sauko, muka zaga baya. Ba Jela, ba alamarta.

"Ina take?"

"Ta sauka a wajen lambun albasa," in ji Nomau. "Da muka faɗa ramin nan sai ta zame. Na zuba mata ido sosai, Kawu. Ta bi gangare a hankali, ta tsallake kwata, ta shiga lambu, ta kwanta. Har muka sha kwana ina kallonta."

"To me ya hana ka faɗa?"

"Kana tuƙi."

Wallahi na so in yi dariya, amma da na ga idon Nomau sai ta koma. Ashe tun daga lambun yake danne maganar a ciki har gumi ya jiƙa masa riga. Mai lambu ya yi ta faɗa, muka ba shi haƙuri. Abin da aka ƙaru da shi, daga ranar aka ƙara wa Jela sarƙa, ko da ƙugiya ta saki. Kawu kuma ya canza doka: "Daga yau duk abin da ka gani, faɗa mini." A hanyar komawa gida Nomau bai rufe baki ba. "Kawu, akuya. Kawu, wata akuyar. Kawu, mai keke ya ɗauko kara. Kawu, akuyar farko ta kwanta." Kafin mu kai gida Kawu ya roƙe shi don girman Allah ya tsaya a kan Jela kaɗai.

Duk wannan wasa ne. Wata rana aka ce yau ce tafiyar gaske. Zafi ya kai inda ya kai, masunta da suka dawo daga dam sun ce falale ya fito. Iya ta yi wanka tun da safe, ta ɗaura zanen da take ajiya a ƙasan akwati. Kawu ya ce, "Nomau, kaya masu nauyi ka jera su a bakin ƙofar baya, don saukewa ta yi mana sauƙi." Nomau ya jera jarkokin ruwa da buhun gero a can ƙarshen Jela, ya ɗauko dutsen niƙa shi kaɗai ya ɗora a ƙarshen ƙarshe. Gaba kuwa sai tabarmi da ƙore.

Muka kama titi lafiya. Da muka zo gangaren Dogon Kwari mota ta ɗauki gudu, wata babbar mota ta wuce mu da iskarta, fuu! Sai Nomau ya ce, "Kawu, Jela tana rawa." Kafin ya rufe baki ta wurga dama, ta wurga hagu, kowace wurgawa ta fi ta baya, har ta fara jan gindin bas ɗin tana kaɗa mu. Kawu ya taka birki, abin ya ƙara lalacewa. Risho ya kife, labule ya tsinke, Dela tana salati da ƙarfi. Iya ta gangaro daga gado, goshinta ya bugi ƙarfe. Da ƙyar muka tsaya, tayar gaba ɗaya tana leƙen rami.

Ba wanda ya yi dariya ranar. Nomau ya rungume uwarsa yana kuka kamar yaro, yana share mata jini da hularsa. Kawu ya sauka, ya je ya zare ƙugiya don ya duba. Yana zarewa wuyan Jela ya yi sama da kansa, ya daki haɓarsa, gindinta ya dafe ƙasa. Ya tofar da jini, ya dubi dutsen niƙa da ke zaune a baya, ya nuna shi da yatsa.

"Wannan ne! Wannan jibgegen ne ya so ya kashe mu. Nauyi ya yi mata yawa."

Muka juyo gida a hankali kamar masu rakiyar gawa. Da yamma sai ga hadari ya leƙo ta gabas, ya yi baƙi, ya watse bai zubar ba. Iya ba ta gan shi ba, amma ta ji iskarsa. Ta ce, "Ruwa ya kusa ko?"

Wata rana, goshin Iya ya ɗan warke, Kawu ya shigo ya durƙusa a gabanta. Ya ce, "Yaya, zan sake gwadawa sau ɗaya. Zan rage kaya. Amma dutsen nan ba ya zuwa. A can ma akwai duwatsu."

"Akwai duwatsu," in ji Iya. "Na Inna ne babu."

"Ranki ya fi mini dutse." Ya juya wajen Nomau, idonsa jawur. "Kai kuma ka ji ni da kyau. Kada in ga dutsen nan a tafiyar nan. Wallahi tallahi, idona ya sauka a kansa, ko a ina muke, gida zan juya da motar nan."

Ya fita. Iya ta daɗe tana shafa dutsen da tafin hannu. Can ta ce a hankali, "Auta, ka sa mini dutsena a mota."

Ban taɓa ganin Nomau cikin irin wannan hali ba. Ya zo ya zauna a gindin katangata ya riƙe kai da hannu biyu. Tun da yake, ba a taɓa ba shi umarni biyu masu karo da juna ba. Na ce masa, "Ka bar shi kawai, Iya za ta haƙura." Ya dube ni kamar na zage shi. "Iya ta ce in sa." Na ce, "To Kawu fa?" Ya ce, "Kawu ya ce kada ya gani." Ya maimaita, ya sake maimaitawa. Sai na ga fuskarsa ta washe, ya miƙe ya bar ni nan zaune.

Da Kawu ya tafi sayo mai a jarka, Nomau ya hau kujerar direba, ya gyara zama irin na Kawu, har da karkata hula. Ya ba Dela ƙwarya ya ce ta hau Jela ta riƙa ajiye ta wuri-wuri. Ta ajiye a baya.

"Ina gani a madubi."

Ta matsa tsakiya.

"Ina gani."

Ta matsa gefe, ya ce yana gani. Sai da ta kai ƙwaryar can gaba, ta manna ta da allon da ke daf da wuyan Jela, inda jikin bas ya tare. Nomau ya leƙa madubin dama, ya leƙa na hagu, ya waiwaya ta taga.

"Ba na gani!"

Nan ya kai dutsen, ya ɗaure shi da igiya don kada ya gangaro inda ido zai kai, ya lulluɓe da tamfol, ya jibga tabarmi a sama. Na ce wa Dela, "Ke ma da hankalinki kike biye masa?" Ta ce, "Ni ƙwarya aka ba ni in riƙe. Ka ga na riƙe wani abu ban da ƙwarya?" Gaskiya tsoro ya kama ni. Da idona na ga abin da dutsen nan ya yi mana a Dogon Kwari, ga shi za mu koma da shi a ɓoye. Na yi niyyar faɗa wa Kawu, sai na hango Iya tana ninke zanenta na ƙasan akwati, na fasa.

Muka tashi da sassafe. Kawu ya rage jarkoki, ya bar rabin buhun gero, ya sa aka jera su a baya kamar dā. Ya shiga mota ya tarar Nomau ya riga ya maƙala komai. Tun daga nesa muka hango gangaren Dogon Kwari. Dela ta riƙe Iya, ni na riƙe ƙofa. Mota ta ɗauki gudu. Kamar an aiko ta, sai ga wata tirelar siminti ta taho ta wuce mu, iskarta ta bugi bas har labule ya tashi.

"Kawu," in ji Nomau daga baya.

"Mene ne? Ta fara?"

"Jela tana bin mu."

"Tana rawa?"

"A'a. Bin mu kawai take yi."

Haka ta bi mu, tiryan-tiryan, har ƙasan kwari, har muka haye. Kawu ya saki ajiyar zuciya, ya daki sitiyari. "Kun gani? Ban faɗa muku ba? Dutsen nan ne! Ga shi da muka bar shi a gida ko motsi ba ta yi." Dela ta tura bakin mayafi cikin baki. Iya tana kwance tana jan carbi.

Rana ta take tsaka muka isa bakin dam. Ruwa ya ja baya, ya bar laka busasshiya duk ta tsattsage, can gaba kuma ga falale ya fito, fari, shimfiɗe. Kawu ya zaga baya don ya zare Jela. Ya cire sarƙa, ya kauda haɓarsa gefe saboda ya tuna dukan da ya sha, ya ja wuyan. Wuya ya ƙi tashi. Ya sa hannu biyu, ya yi nishi, ko motsi.

Nomau ya matso. "Kawu, rufe idonka. Zan sauke kaya."

Kawu ya tsaya cak. Ya dubi Nomau, ya dubi tulin tabarmi. Sannan ya kauda fuska, ya zura hannu ƙarƙashin tamfol yana lalube. Na ga lokacin da yatsunsa suka taɓa abin. Na ce yau Nomau ya shiga uku. Amma Kawu bai yi ihu ba. Hannunsa na ciki, fuskarsa na kallon ruwa, sai magana yake yi shi kaɗai: "Ran nan yana baya, wuya ya tashi sama, ta yi rawa. Yau yana gaba, wuya ya danne, ta bi mu." Ya sake shafa abin. "Ashe ba nauyinsa ba ne. Mazauninsa ne. Da yana gida, da jarkokin nan na baya sun sake kaɗa mu a kwarin can." Ya zaro hannu yana duban tafinsa. "Kuma ni na ce a jera su a baya."

"Kawu, ka gani?" in ji Nomau. Ya san rantsuwar da aka yi, ya kuma san in an gani, gida za a juya.

Kawu ya runtse ido gam. "Ban ga komai ba, ɗan nan. Sauke kayanka."

Nomau ya ɗora dutsen a ka ya kai kan falale, ya dawo ya goya Iya ya kai ta. Da ya sauke ta, ta tuɓe takalmi, ta riƙa taka dutsen a hankali tana shafawa da ƙafa. Ta ce tana ganin farinsa, tana ganin ƙyallin ruwa. Ta juya gabas ta nuna wani wuri da ba komai sai ruwa. "Inna tana can," in ji ta. Ta yi addu'a mai tsawo. Sannan ta durƙusa, duk da bayan nan nata, Dela ta zuba mata jiƙaƙƙen gero, ta kama niƙa.

Kawu kuwa rantsuwarsa ta ɗaure shi. Ya zo har kan falalen da baya-baya, ina riƙe da hannunsa, ya zauna ya ba dutsen baya. Yana jinjiri uwarsu ta rasu, bai san fuskarta ba. Yana zaune yana jin gurzar dutse, gurr, gurr, sai Iya ta ce ba tare da ta ɗaga kai ba, "Jatau, kana goye a bayanta take wannan niƙan. Da wannan ƙarar kake barci." Na ga kafaɗun Kawu sun fara girgiza. Dattijo da furfurarsa, ya sa hula ya rufe fuska. Ni ma ban san lokacin da nawa suka zubo ba.

Aka dama gumba, aka kira masunta da iyalansu da ke bakin ruwa, kowa ya karɓa ya yi wa mamaciya addu'a. Iya ta dunƙula ɗaya babba ta sa a hannun Nomau. Ta ce, "Kowa in na yi magana sai ya auna ta tukuna, ya ga ko ta tsufa ce. Kai kaɗai ne in na faɗa kake yi. Allah Ya yi maka albarka, Auta." Nomau ya ce amin, ya tambaya ko ya cinye duka ne ko ya rage. Ta ce ya cinye.

La'asar na yi hadari ya haɗo ta gabas, wannan karon da gaske, iska mai ƙanshin ƙasa ta fara kaɗawa. Muka hau tattara kaya. Kawu yana tsaye, har yanzu bayansa yake ba mu.

"Nomau."

"Na'am, Kawu."

"Abin nan da ban gani ba, a ina ka ajiye shi da za mu taho?"

"Inda ba za ka gani ba, Kawu."

"To can za ka mayar da shi. Jarkokin ma ka matsar da su kusa da shi. Kuma duk inda motar nan za ta je, in Yaya ta ba mu aro, da shi za mu tafi."

Iya ta yi dariya har da tari. Ɗigon farko ya faɗo a kan falale, ya bushe, na biyu ya biyo. Nomau ya sunkuya ya ɗauki dutsen, ya zo daidai inda kawunsa yake tsaye a kan hanya, ya tsaya.

"Kawu, juya can. Zan wuce."

Kawu Jatau ya juya.